Bayan WASSCE, Sai Ina? Shawara ga Iyaye da Matasan Zango

Duk shekara idan hukumar WAEC ta saki sakamakon jarrabawar WASSCE, zangunanmu sukan shiga wani hali. Daga Nima da Mamobi da Sabon Zango a Akra, har Aboabo da Asawase a Kumasi, za ka ga samari da 'yan mata kowa ya duƙufa a kan wayarsa yana shigar da lambar katin duba sakamako. Wani ya ɗago kai da murna, wani ya sulale gida ta bayan layi. Da dare kuma, bayan sallar isha'i, sai a zauna a tsakar gida a buɗe babbar magana: to, yanzu sai ina?

A gidaje da yawa maganar ba ta daɗewa. Baba yana son likita, Mma tana son nas, kawun da ke Jamus ya bugo waya ya ce ai kwamfuta ce ke ci yanzu. Shi kuwa mai sakamakon yana zaune ya sunkuyar da kai, ba wanda ya tambaye shi. Washegari a ba shi kuɗin fom, ya tafi wurin wani abokinsa da ya riga shi shiga jami'a, su cike a cikin rabin awa. Shekara huɗu ta rayuwar yaro, da gumin uwa mai sayar da waake ko koko, da na uba direba ko mahauci, an yanke musu hukunci ke nan tsakanin azahar da la'asar.

Abin da wannan shafi yake so mu duba a wannan wata shi ne yadda za a yi wannan zama da natsuwa. Kowane kwas hanya ce, kuma matafiyi na ƙwarai yakan tambayi inda hanya ta ɓulle kafin ya ɗaura kaya.

Inda muka fito

Kakanninmu fatake ne da malamai. Goro da shanu da tufafi suka kawo su Salaga, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 suka bazu zuwa Kumasi da Kete Karaci da Akra da sauran garuruwa. Ba su zo da jahilci ba, domin sun zo da allo da tawada da littattafai, kuma a cikinsu aka sami irin su Alhaji Umaru na Kete Karaci, wanda ya rasu a 1934, malamin da har yau masana suke nazarin rubuce-rubucensa na Larabci da ajami. Abin da suka guje wa shi ne makarantun mishan, saboda tsoron kada a raba 'ya'yansu da addini. Wannan tsoro yana da dalilinsa a wancan zamani, amma ya bar mu a baya a ofisoshin gwamnati da asibitoci da kotuna.

Al'amari ya fara sauyawa sosai bayan da aka kafa sashen kula da makarantun Islamiyya a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Gana a 1987, aka haɗa Larabci da boko a aji ɗaya. Sannan a watan Satumba na 2017 aka fara karatun babbar sakandare kyauta. Yau da wuya ka shiga gida a zango ba ka sami mai takardar WASSCE ba. Sai dai a gidaje da dama wannan yaro shi ne na farko da zai taka ƙofar jami'a, babu wa, babu ya, babu baffa da ya bi hanyar balle ya nuna masa. Nan matsalar take.

Zaɓi tun daga ƙaramar sakandare

Iyaye da yawa ba su san cewa rabin zaɓin an riga an yi shi shekara uku kafin WASSCE ba. A ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, lokacin jarrabawar BECE, ake cike takardar zaɓen makarantu, wadda kwamfuta ke amfani da ita wajen rarraba yara tun 2005. A wannan takarda yaro yake nuna ɓangaren da yake son karantawa: kimiyya, ko kasuwanci, ko adabi da zamantakewa, ko zane-zane, ko kula da gida, ko aikin gona, ko aikin hannu. Darussan da ya ɗauka a can su ne mabuɗan da zai riƙe a ƙofar jami'a.

Wanda bai karanta ilimin sinadarai da na halittu ba, ƙofar likita da ta haɗa magunguna a rufe take gare shi, ko da ya ci A1 a duk abin da ya rubuta. Wanda bai ɗauki babban lissafi ba, wato lissafin zaɓi wanda ya bambanta da na dole, zai tarar injiniya da ilimin kwamfuta a manyan jami'o'i sun yi masa nisa. Sau nawa muka ga uba yana faɗa a kan ɗansa ya ƙi neman likita, alhali tun ranar da aka sa hannu a takardar BECE maganar ta ƙare? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk mai ɗa ko 'ya a ƙaramar sakandare, ya je makarantar da ƙafarsa ranar cike wannan takarda, ya zauna da malamin aji, ya tambayi darussan da yaron ya fi ƙarfi a cikinsu, kuma ya tambayi inda kowane ɓangare yake kai mutum.

Yadda ake karanta sakamako

A WASSCE ƙaramar lamba ita ce babba. A1 maki 1 ne, B2 maki 2, B3 maki 3, haka har C6 mai maki 6. Daga nan sai D7 da E8 da F9. Don neman digiri, jami'o'i suna son a sami C6 ko abin da ya fi shi a darussa shida: uku na dole, wato Turanci da lissafi da kimiyya ko ilimin zamantakewa, da kuma uku na zaɓi. Sai a haɗa makin shidan. Jimillar da ta fi kowace kyau ita ce 6, mafi rauni da ake karɓa kuwa 36.

Mu ɗauki misali. A ce yarinya ta sami B3 a Turanci, C6 a lissafi, C4 a kimiyya, sannan B2 da B3 da C5 a darussanta na zaɓi. Jimillarta 23 ke nan. Ta cancanci shiga jami'a, babu shakka. Amma cancanta daban, samun gurbi daban. Kowane kwas yana da tasa iyakar, kuma iyakar takan motsa daga shekara zuwa shekara gwargwadon yawan masu nema. Likita a Legon ko a KNUST ta Kumasi sai mai jimillar da ba ta kai 10 ba yake sa rai, shari'a da haɗa magunguna su ma suna nan kusa. Idan yarinyar nan ta cike duk zaɓinta da irin waɗannan kwasa-kwasai don ta faranta wa gida rai, kuɗin fom ya tafi, shekara kuma ta tafi.

Jami'o'i sukan buga iyakar makin shekarar da ta gabata. A nemo ta kafin a sayi fom. Zaɓi na farko ya zama abin da rai ke so kuma maki ya kusa kaiwa, na biyu abin da maki ya kai, na uku abin da maki ya wuce. Kuma kada a tsaya a kan makaranta ɗaya. Ban da Legon da aka kafa a 1948 da KNUST da Kef Kos, akwai UDS a Tamale tun 1992, akwai jami'ar horon malamai a Winneba, akwai ta ma'adinai a Tarkwa, ta kiwon lafiya a Ho, ta makamashi da albarkatun ƙasa a Sunyani, da sababbin jami'o'in Wa da Nabrongo da aka cire daga jikin UDS. Kwas ɗin da ya gagara a Akra yana iya samuwa a ɗaya daga cikinsu.

Wanda kuma D7 ko E8 ta faɗa masa a lissafi ko Turanci, kada a mai da shi abin zunɗe. Akwai jarrabawar masu zaman kansu da muke kira Nobdek, ya sake rubuta darasin da ya kayar da shi. Shekara ɗaya ta gyara ta fi shekara huɗu a kwas ɗin da aka shiga don babu yadda za a yi. Har wanda ya daɗe da barin makaranta yana da ƙofa, domin jami'o'i suna ɗaukar manya masu shekara 25 zuwa sama ta hanyar jarrabawa ta musamman.

Ina hanyar ta ɓulle?

Wannan ita ce tambayar da ba mu cika yi ba. Mukan tambayi yadda ake shiga, mu manta da yadda ake fita.

Likita shekara shida ce a makaranta, sannan shekara biyu ta aikin koyo a asibiti kafin a ba shi cikakkiyar rajista. Gidan da ke jiran yaro ya fara kawo kuɗin cefane bayan shekara uku ya san da wannan lissafi tun yanzu. Mai son zama lauya kuwa, digirin shari'a bai isa ya sa masa rigar lauya ba, sai ya wuce horon sana'ar an kira shi. Shekaru da dama wannan mataki ya zama ƙaramar ƙofa ga ɗimbin masu digiri, kuma da yawa a cikinmu suna tuna rigimar 2021, lokacin da ɗalibai 499 suka ce sun ci jarrabawar shiga makarantar lauyoyi ta Makola amma aka hana su gurbi, har magana ta kai kotu da majalisa.

Nas da ungozoma su ne burin iyaye mata da yawa, kuma aiki ne mai daraja da zango ke matuƙar bukata, musamman a ɗakin haihuwa inda mace take son ta ga 'yar'uwarta mai jin harshenta. Amma a san tsarinsa: difloma shekara uku, jarrabawar lasisi, shekara ɗaya ta zagayen aiki, sannan jiran ma'aikatar kuɗi ta ba da izinin ɗaukar ma'aikata. A shekarun baya-bayan nan wannan jira ya kai wasu shekara biyu, uku, har fiye. Wadda ta shiga don tana son aikin za ta jure, ta nemi asibiti mai zaman kansa kafin nata ya fito. Wadda aka tura don an ce aiki yana nan a ajiye, ita ce za ka tarar a gida tana cizon yatsa.

Koyarwa ma ta sauya. Tun 2018 kwalejojin horon malamai suka koma ba da digiri na shekara huɗu a maimakon difloma ta shekara uku. A cikinsu akwai kwalejin Al-Faruq a Wenchi da ta Nusrat Jahan a Wa. Makarantunmu na Islamiyya suna kukan rashin malaman lissafi da kimiyya daga cikin 'ya'yanmu. Mai son aikin allo da alli ya shiga da ƙarfinsa, amma ya sani ana iya tura shi ƙauyen da babu wuta.

Kowane mai digiri ko babbar difloma kuma yana da shekara ɗaya ta bautar ƙasa a gabansa. Bayanta ne ake gane bambancin wanda ya fita da takarda kawai da wanda ya fita da abin yi a hannu. Saboda haka kafin a biya kuɗi, a nemi mutum biyu ko uku da suka gama wannan kwas ɗin shekara uku ko huɗu da suka wuce. A tambaye su abin da suke yi yanzu, da abin da abokan ajinsu suke yi. Amsarsu ta fi duk wata takardar talla. Matambayi ba ya ɓata.

Ƙofofin da muke rainawa

A 2016 aka yi dokar da ta mai da kwalejojin fasaha jami'o'in fasaha, kuma yau guda goma ne: Akra, Kumasi, Takoradi, Kef Kos, Koforidua, Ho, Sunyani, Tamale, Bolgatanga da Wa. A nan ake koyon aikin lantarki, injin mota, gini, awon ƙasa, ɗinki da tsara tufafi, girki da kula da masauki, gwaje-gwajen asibiti, sayen kaya da adana su. Wasu kwasa-kwasansu na babbar difloma suna karɓar D7 a wasu darussa, kuma wanda ya gama yana iya ƙarawa ya kai digiri yana aikinsa.

Abin mamaki, mu da muka fi kowa sanin darajar sana'a mu ne muke ganin waɗannan makarantu kamar na waɗanda suka faɗi. Je ka Suame Magajin a Kumasi, ko Abose Okai a Akra, ka ƙirga 'ya'yan zango da ke ƙarƙashin motoci da bayan kantoci. Motocin da ke shigowa yanzu kwamfuta ce a cikinsu, sai an jona na'ura take faɗin ciwonta. Yaron da ya tashi a garejin ubansa, ya je ya karanta injin mota da lantarkinta, ya dawo, ba zai yi yawo da ambulan yana neman aiki ba. Haka 'yar mai ɗinki da ta karanta tsara tufafi, da ɗan mai shanu da ya karanta kiwon dabbobi, da ɗan mai shago da ya karanta akanta ya bi jarrabawar ƙwararrun akantoci mataki-mataki. Sana'ar gida jari ce, karatu ya zo ya ɗora a kanta.

Masu karatu a waje

Kowace shekara wasu daga cikin 'ya'yanmu suna samun gurbi a Azhar ta Masar ko jami'ar Madina ko wasu ƙasashen Larabawa. Alheri ne babba, kuma daga cikinsu muke samun limamai da masu wa'azi. Amma mun ga da yawa sun dawo da digiri a Shari'a ko Hadisi, ga ilimi kamar teku, ga iyali, amma babu albashin da zai riƙe gida, domin ba su da Turanci da lissafin WASSCE da za su buɗe musu ƙofar aikin gwamnati ko ƙarin karatu a nan. Mai wannan niyya ya fara kammala sakandarensa ta boko ya riƙe takardar, in ya dawo ya ƙara da takardar koyarwa. Ta haka zai yi wa addini hidima ba tare da ya dogara da abin da aka miƙo masa a wurin suna da ɗaurin aure ba.

Masu tura yara karatun likita a ƙasashen waje su ma su sani, sai yaro ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta Gana kafin ya taɓa majinyaci a nan. Yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a 2023 sun dawo da ɗalibai gida karatu a tsakiya. Kuma ko a gida ko a waje, a bincika da hukumar GTEC, wadda aka kafa a 2020 don kula da manyan makarantu, a tabbatar ta amince da makarantar da kuma shi kansa kwas ɗin. Makaranta tana iya samun amincewa alhali wani kwas a cikinta bai samu ba. Dillalin da ya ce a ba shi kuɗi ya samo gurbi ta bayan gida, a guje shi.

Maganar kuɗi

A zauna a yi lissafin shekara huɗu, kada a tsaya a shekarar farko. Sau da yawa kuɗin ɗakin kwana da abinci da mota sun fi kuɗin makarantar kansa nauyi, musamman a Akra da Kumasi. Wanda zai iya kwana a gida ko wurin dangi ya rage kaya mai yawa. A kuma lura da takardar shiga: wani lokaci jami'a takan ba wanda makinsa bai kai ba gurbi a sahun masu biyan cikakken kuɗi, kuma wannan kuɗi ya ninka na sauran ɗalibai. Murnar ganin sunan kwas kada ta hana karanta layin da ke ƙasa.

Akwai taimako ga mai nema. Asusun ba ɗalibai rance yana nan tun 2005, kuma a 2022 aka sauƙaƙa shi, aka daina neman mai tsaya wa ɗalibi, katin ɗan ƙasa ya wadatar. A 2025 gwamnati ta ƙaddamar da shirin ɗauke wa 'yan shekarar farko kuɗin karatu a manyan makarantunta. Akwai asusun raya zanguna da aka yi dokarsa a 2017, da asusun ilimi mai ɗauke da sunan Babban Limamin ƙasa, Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu. Ofishin ɗan majalisa da na gunduma su ma sukan taimaka. Duk waɗannan sai an je an tambaya, an cike takarda a kan lokaci.

Wani ƙaramin abu da ke jawo mana babbar wahala shi ne suna. Yaro Muhammadu ne a takardar haihuwa, Mohammed a BECE, Mahamadu a katin ɗan ƙasa, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Ranar neman rance ko bautar ƙasa ko fasfo sai kwamfuta ta ce ba mutum ɗaya ba ne. A daidaita rubutun suna da ranar haihuwa tun kafin rajistar BECE, domin gyara daga baya sai da rantsuwa a gaban hukuma da kashe kuɗi.

'Yan matanmu

Idan kuɗi ya gaza, mun san wanda ake fara cewa ya haƙura. Sau da yawa kuwa ita ce ta fi yayyenta maki. Wasu iyaye tsoron nisa ne yake hana su, kuma tsoron uba a kan 'yarsa ba abin dariya ba ne. Amma maganinsa yana nan: makaranta a garin da ake da dangi, ko ɗakin kwanan mata, ko karatun ƙarshen mako da na daga nesa irin wanda Kef Kos da Winneba suke gudanarwa a cibiyoyinsu na garuruwa daban-daban. In aure ya zo, a sa maganar ƙarasa karatu a cikin abin da iyaye za su tattauna tun kafin a sa rana. Kuma kada a taƙaita su a nas da koyarwa kaɗai. Mai ƙarfin lissafi a bar ta ta nemi injiniya ko akanta.

Zaman da ya kamata a yi

To, jama'a, idan sakamako ya fito bana, a yi zaman tsakar gida, amma a sauya yadda ake yinsa. A fara da jin bakin mai sakamakon: wane darasi ne yake zama a kansa ba tare da an tsawata masa ba, wane aiki ne ya gani ya ji yana so? Sannan a ɗora takardar a kan tabarma a haɗa makin tare, a gwada da iyakar bara. A kira wani ɗan unguwa da ya bi hanyar, a ba shi shayi, a yi masa tambayoyi. Daga ƙarshe a yi lissafin aljihu da gaskiya.

Ku kuma matasa, ku sani iyayenku ba don ƙiyayya suke cewa likita ko lauya ba. Su ne ayyukan da suka gani da idonsu suna da daraja. In kana da wani buri, kada ka yi fushi ka shige ɗaki. Je ka nemo bayani, shekara nawa ne, nawa ne kuɗinsa, wa ya yi shi ya ci abinci da shi, ka kawo wa Baba cikin ladabi. Dattijon da ya yi shekara talatin yana ciniki ya san magana mai lissafi in ya ji ta.

Ga 'yan'uwa da suka riga suka gama jami'a kuwa, akwai bashi a kanku. Ƙungiyoyin matasa da kwamitocin masallatai su ware rana ɗaya bayan fitowar sakamako, da wata ranar kafin cike takardar BECE, a tara yara da iyaye, nas da malami da injiniya da akanta na unguwa kowa ya faɗi yadda hanyarsa take. Ba ya bukatar komai sai benci da lasifika.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba su ilimi mai amfani da abin yi na halal. Amin.